Wane icce ne wannan? Tambayoyi da amsoshi ga masu tsintar iccen girki a Kebbi

Tunda gas ya yi tsada, buhun gawayi ma ya bi sahu, mutane da dama sun koma tsintar icce: wanda iskar farkon damina ta kayar, wanda aka sare wajen sharar gona, da rassan da masu gyaran wayar wuta suka datse suka bari bakin titi. Matsalar dai icce in an raba shi da ganyenshi duk ɗaya yake a idon wanda bai saba ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo tsakanin masu wanga aiki daga Birnin Kebbi har Zuru da Yauri. In a garinku wani suna ake kiran iccen, to ku bi siffar da aka faɗa.

Tunda wuta duk wuta ce, me zai sa in damu da sanin irin iccen?

Gaskiya ne ta wani gefen, dan kilo guda na busasshen icce kusan zafi ɗaya yake bayarwa ko wane iri ne. Bambancin yana ga nauyi. Damin kirya da damin ɗorawa a ido girmansu ɗaya, amma ka ɗaga ka ji, na kirya ya fi nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa shi zai dafa maki tuwo da miya ya bar garwashin dafa ruwan shayi, na ɗorawa ko kan ki gama talge ya zama toka. Wanda zai ɗauko kaya bisa kai ko bayan mashin daga nesa, ai gara ya san abun da yake wahala a kai.

Dalili na biyu ya fi wannan girma: akwai iccen da ruwanshi ke cutar da ido, akwai katakon da aka shafa ma magani, akwai kuma wanda ke da mai shi ko da ka same shi kwance. Waɗannan ukun kowanne na da tashi amsa a ƙasa.

Na samu gungume ba ganye ba 'ya'ya, ta ina zan fara?

Kafin ka taɓa gungumen, duba ƙasan wurin. Mafi yawan lokaci amsar na nan zube: busasshen ganye, ƙaya, kwanson 'ya'ya, ko tohon da kututturen ya fara fitarwa. Kwanson gawo mai launin ruwan goro a nannaɗe, ko 'ya'yan bagaruwa masu gaɓa-gaɓa, guda ɗaya ka gani magana ta ƙare. In a inda aka sare shi ne, dubi itatuwan da ke tsaye kusa, sau da yawa 'yan uwanshi ne.

In babu ko ɗaya sai ka bi ɓawo, sara, wari, nauyi. Dubi ɓawon, tsagewarshi a tsaye take, ko murabba'i-murabba'i ce, ko ɓarewa yake yi fallaye-fallaye. Sai ka sa adda ka ɗan sassaƙe shi ka ga launin da ke ƙarƙashi da ko wani ruwa ko ƙaro zai fito. Ka shinshina sabon saran nan take dan warin baya daɗewa. Sannan ka faskara guntu ɗaya ka ga cikin, fari ne duka ko tsakiyar ta yi ja ko baƙi. Alama ɗaya bata isa, sai biyu ko uku sun haɗu. Kuma kar ka ɓata lokaci wajen ƙirga zoben shekaru irin yadda ake nunawa a bidiyon Turawa, itatuwanmu da yawa zoben nasu baya fitowa sosai.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne lasar ɓawo. Tsofaffi na yi, amma su sun riga sun san abun da suke lasa. Ɓawon gwaska guba ne mai kisa, dan haka iccen da baka da ko zato a kanshi kar ya je bakinka.

Waɗanne ne manyan itatuwan wuta a nan, kuma ya ake gane su?

Kirya ce gaba. Ɓawonta duhu ne mai ɓarɓashi, bata da ƙaya ko ɗaya, fari-farin da ke bayan ɓawo siriri ne, sauran cikin duka ja ne mai duhu. Gatari na tsalle a kanta, in ka yi wasa ta dakushe maka shi. Gawayinta maƙera ke nema, masassaƙa na turmi da taɓarya da ita, gara bata cika cin ta ba. Sai marke, ɓawonshi toka-toka ne da dabbare-dabbare inda ya ɓare, in ka sassaƙe zaka ga rawaya, cikin ma rawaya-rawaya ne sai can tsakiya ka samu duhu a manyan gumagumai. Wutarshi lafiyayya ce, a ganina a girkin gida ba wanda ya kai shi, ya fi kirya saurin kamawa kuma yana barin garwashi.

Bagaruwa, wadda wasu ke ce ma gabaruwa, ɓawonta baƙi ne mai zurfin tsaga, cikinta ja, ƙananan rassanta na da farar ƙaya biyu-biyu, ta fi son fadama da bakin tafki, ita ce majema ke jima da 'ya'yanta. Kaɗanya ko kaɗe kam ba ta ɓuya: ɓawonta kauri gare shi, a tsattsage murabba'i-murabba'i kamar bayan kada, ka sara ka ga ja a ƙarƙashi da farin ruwa mai danƙo na tsattsafowa. An fi samun ta ta kudu, wajen Zuru da Yauri, in ka yi arewa ta Argungu da Kangiwa sai ta yi ƙaranci, gawo da aduwa da bagaruwa su karɓe filin.

Aduwa ana gane ta da doguwar koriyar ƙayarta guda-guda, cikinta fari ne mai ɗan rawaya da laushin sassaƙa, da ita ake allo da ƙota, hayaƙinta kaɗan ne. Tsamiya na da nauyi da taurin faskare, gefenta rawaya ne mai haske, tsohuwa sai ka samu duhu a tsakiya. Kanya, kaiwa a bakin wasu, ɓawonta kusan baƙi ne ƙirin. Magarya da kurna rassansu a karkace suke gwiwa-gwiwa, ƙayarsu biyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasassa, dukansu wuta mai kyau.

Cikin ja ne kuma da nauyi. Kirya ce, bagaruwa ce, ko maɗaci?

Nan ne aka fi ruɗewa. Tsakanin kirya da bagaruwa nemi ƙaya ko gurbinta a ƙananan rassa, in akwai to ba kirya ba ce. Maɗaci shi ɓawonshi toka ne, yana ɓarewa ƙanana-ƙanana zagaye, in ka sara ƙarƙashin ja ne sosai har da ɗan jan ruwa, kuma bai kai kirya nauyi ba. Shi da dogonyaro dangi ɗaya ne, dukansu ɗaci gare su kuma cikinsu na yin ja, amma tsagar ɓawon dogonyaro doguwa ce a tsaye, kuma sabon saranshi na da wani wari mai ƙarfi da in ka ji sau ɗaya ba zaka manta ba.

Akwai kuma madobiya, wadda in aka sare ta wani jan ƙaro ke fita ya daskare a bakin saran, cikinta ruwan ƙasa ne da zane-zane masu duhu. In ka tabbatar ita ce ko maɗaci ne kuma gungumen miƙaƙƙe ne, kar ka yi saurin faskarawa, katako ne mai daraja. Madobiya an yi ta jidarta daga Afirka ta Yamma zuwa China, har ta shiga jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun dajin da ake gudun ƙarewarsu, aka tsaurara fitar da ita ƙasashen waje. Ka duba amsar da ke maganar mallaka kafin ka ɗora ta a kan amalanke.

Ni a cikin gari nake tsinta, me na fi yiwuwar samu?

Dogonyaro, sau tara cikin goma in dai bakin titi ne ko harabar makaranta. Baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Barno, yanzu ya cika ko'ina. Ɗanyenshi hayaƙi ne mai ɗaci da sa hawaye, amma in ya bushe sarai icce ne mai kyau, masu raina shi galibi ɗanye suka gwada. Sai turare, wanda asalinshi daga Ostireliya ne, jikinshi sumul yake ɓawon na saɓulewa dogo-dogo, ka murza ganyen ko ɓawon ka ji ƙamshin man zafi. Shi ka faskara shi tun yana ɗanye, in ya bushe zarenshi na murɗewa ya ba ka wahala.

Mangwaro fari-fari ne mai matsakaicin nauyi, yana ci lafiya in ya bushe, sai dai ƙwari na saurin huda shi. Malaina fara ce sol mara nauyi, ta girkin sauri ce. Kashu a yi hankali da ruwanshi, yana ƙona fatar wasu.

Na sara na ga farin ruwa na fita, haɗari ne?

Ba kullum ba. Kaɗanya na da farin ruwa kuma tana cikin mafi kyawun icce, ɓaure da gamji da cediya da durumi ma duk suna da shi, su matsalarsu rashin ƙwari ce kawai. Waɗanda ake gudu su ne tumfafiya, tinya, aguwa da sauran danginsu, da furannin kwalliya masu farin ruwa da ake shinge da su a manyan gidaje. Yadda zaka raba: in icce ne babba mai kaurin ɓawo da nauyi, galibi lafiya lau. In ko kara ne mara nauyi, mai taushi ko rami a ciki, ruwan na kwarara da yawa, bar shi nan.

Ruwan tumfafiya ko tinya in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa ana yi ana ƙarawa, kar a murza, a wuce asibiti ko da zafin ya lafa. Kuma kar a kuskura a fere tsinken tsire ko muciya daga irin waɗannan. Cini-da-zugu shi ruwanshi ba fari sol ba ne amma shi ma ba na murhu ba ne, 'ya'yanshi kuma guba ne ga yara.

Waɗanne ne basu cancanci wahalar ɗauka ba?

Kuka ce ta farko. Cikinta zare ne da ruwa, kututturen da ya faɗi sai ya ruɓe ya zama tarin zare bai taɓa zama iccen wuta ba. Rimi, zogale, dashi, faru da ararrabi mai ɓawo siriri da ke ɓarewa da kanshi duk marasa nauyi ne, su ci bal-bal su mutu. Ɗorawa da gawo tsaka-tsaki ne, in kusa da gida suka faɗi a ɗauka, amma kar a daɗe ana ajiyar gawo dan ƙwari na mai da shi gari. Gwajin ba wuya, danna farce ko tsinin wuƙa a busasshen cikin, in ya shige ba gardama to ba zai yi garwashi ba.

Ƙirare fa, su ma sai an tantance?

Ba sosai ba, amma sanin su na da amfani lokacin damina. Sabara mai ganye toka-toka ita ce ta kowa, makiyaya ma na turara hayaƙinta a garke saboda ƙuda. Kalgo ana gane shi da ganyen nan mai tsagewa biyu, ɓawonshi kuma shi ne igiyar ɗaure damin, ba sai ka je da taka ba. Geza da taramniya sirara ne amma da nauyi, suna riƙe wuta fiye da yadda girmansu ya nuna. Taura ita an san ta da saurin kamawa ko da ta ɗan sha raɓa, maje ma haka saboda ƙaron da ke jikinshi, in kin samu waɗannan biyun ki ware su gefe dan ranar da ruwa ya kwana yana zuba, ya fi ki riƙa kunna wuta da leda ko tsohon silifa, wanda hayaƙinshi cuta ne tsantsa.

An ba ni tarkacen katako daga wurin gini, in sa a murhu?

Guntayen da 'yan katako suka yanke, fari tas ba fenti, a ƙona ba komai. Amma duk wanda aka yi ma fenti, ko baƙin mai, ko maganin gara irin wanda kafintoci ke shafa ma katakon rufi, ko filawud da ke cike da gam, kar a dafa abinci da shi, balle gashi inda hayaƙin ke taɓa naman kai tsaye. Tsohuwar falwayar wuta ta katako ta fi duka muni, an jiƙa ta da magani har ciki dan ta shekara da shekaru a ƙasa, zaka ji warin kwalta in ka sara. Tsohon fenti kuma wani na ɗauke da dalma, kuma mu nan ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba bayan abun da ya samu yara a Zamfara a 2010.

Azarar giginya daga ɗakin da damina ta rusa ana gane ta da baƙaƙen zaruruwa masu sukar hannu. Tana ci, amma in bata ruɓe ba asara ce a ƙona ta, mai gini zai saya.

Ya zan san ya bushe, tunda nauyi na ruɗi?

Ɗanyen icce wani kusan rabin nauyinshi ruwa ne, shi ya sa ɗanyen ɓaure zai iya yi maka kamar abun kirki a hannu. Busasshe zaka ga bakin gungumen ya tsattsage daga tsakiya, ɓawon ya saki, in ka gwara biyu su yi ƙara ƙwal maimakon tim. A wuta kuma ɗanye na tsuwa yana fidda kumfa ta ɗaya bakin. Masu aunawa da na'ura na son ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100.

Da rani, in an faskara an jera a rana, zafin Kebbi na gama aikin cikin makonni, gungumen da ba a faskara ba ko sai ya kwashe watanni cikinshi na ɗanye, musamman kirya da tsamiya. Wanda iskar watan Mayu ko Yuni ta kayar, sai dai a faskara a ɗora bisa duwatsu ƙarƙashin rumfa a jira kaka.

Wane icce ya dace da wane aiki?

Girkin biki, dahuwar wake, ganda, da ruwan wankan jego da ake dafawa safe da yamma har arba'in, nan ake son masu garwashi: kirya, bagaruwa, tsamiya, kaɗanya, marke. Tuyar ƙosai da waina ko ɗumamen safe, marasa nauyin nan sun wadatar, har sun fi sauƙin sarrafawa. Dabarar ita ce haɗawa, a tada wuta da sabara da gawo, in ta kama a tura mata mai nauyi guda biyu.

Banda da gashi su hayaƙin na shiga abincin, dan haka mai kyafar kifi a Yauri ko Argungu da mai tukuba sun fi kowa buƙatar sanin iccensu. Turare na sa ma nama warin magani, ɗanyen dogonyaro na sa ɗaci, katakon gini kam an riga an yi maganarshi a sama.

Manhajar waya zata iya gaya mini sunan iccen?

PlantNet da Google Lens na ƙoƙari in ka nuna masu ganye, fure ko 'ya'ya. Hoton faskare kawai ko, sai su kawo maka sunan wani icce na Turai da bai taɓa tsirowa a nan ba. Kuma da sunan kimiyya suke amsawa, dan haka riƙe waɗannan: Prosopis africana kirya, Anogeissus leiocarpa marke, Vitellaria paradoxa kaɗanya, Faidherbia albida gawo, Balanites aegyptiaca aduwa, Khaya senegalensis maɗaci, Pterocarpus erinaceus madobiya.

In ta ni ce, ɗauki guntu mai ɓawo ka kai ma mai faskare ko masassaƙi ko wata tsohuwa a unguwa ka ce, Inna dan Allah wane icce ne wannan. Zata juya shi ta shinshina ta faɗa maka, har ta ƙara maka da maganin da ake yi da shi ba ka tambaya ba.

Duk iccen da ya faɗi na mai tsinta ne?

A'a fa. Busasshen icce a dajin da ba na kowa ba halal ne, har hadisi ya zo cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo icce ya sayar ya fi mishi roƙo. Amma iccen gona na mai gona ne ko a tsaye ko a kwance, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka ma wani lokaci gadonsu daban yake da na gonar, sai ka ga mai noma ƙasar daban mai iccen daban. Na harabar makaranta ko ofis a tambayi mai gadi ko shugaban wurin. Gandun daji na gwamnati da wuraren dashen hana kwararowar hamada, malaman daji na kama mutum ko da busasshe ya ce ya ɗauka, in ba izini.

Masu kewaye ɓawon icce ko su cusa mishi wuta a gindi dan ya mutu su dawo su ce tsintuwa ce, wannan ba tsintuwa ba ce kuma kowa ya sani. Gawon da ka gani ba ganye da damina ma bai mutu ba, haka halittarshi take, da rani yake toho, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinshi. Sannan yadda tsaro yake a wasu dazukan yanzu, ba iccen da ya kai a tura yara nesa da gari saboda shi.

An ce ba a ƙona tsamiya, ko iccen da aradu ta faɗa ma, ko na maƙabarta?

Na tsamiya da na aradu camfi ne, ana danganta tsamiya da iskoki shi ya sa wasu ke tsoro, amma a murhu icce ne kamar kowane, kuma mai kyau. Na maƙabarta daban ne, ba maganar tsoro ba ce, hakkin jama'a ne, da shi ake jera itacen rufe kabari. In reshe ya faɗi can a sanar da masu kula da wurin.

Na tara da yawa, ya zan ajiye?

A ɗaga shi daga ƙasa bisa duwatsu ko bulo, nesa da bangon ɗaki da rumbu dan kar a gayyato gara, masu nauyi a ƙasa marasa nauyi a sama tunda su za a fara ƙonawa. A ware kowane iri daban, a haka ma idonka zai saba da su. Tarin icce gidan kunama ne da kububuwa, tun a daji ka juya gungume da sanda kafin hannu, a gida kuma kar a aiki yaro ɗebo icce da dare ba fitila.

Da hunturu kar a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe ko na wane icce ne, iskar da ke fita daga garwashi bata da wari kuma tana kisa cikin barci, masu garwashi mai daɗewa irin kirya sun ma fi haɗari a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, dan haka in madafar a rufe take a huda mata taga sama ta inda hayaƙin ke taruwa, mai goyo kuma ta sauke yaron nesa da murhu kafin ta fara hura wuta.